Yadda Ake Gano Inda Wuta Ke Gazawa a Ƙaramin Mutum-mutumi

Ka haɗa 'yar motar mutum-mutuminka, ka ɗora mata shiri daga kwamfuta, tana jone da wayar USB komai lafiya lau. Kana zare wayar ka ajiye ta ƙasa, sai ta ɗan gusa ta tsaya, ko fitilar allon Arduino ta ƙyafta shirin ya koma farko, ko taya ɗaya ta juya ɗayar ta tsaya tana tsuwa. Yawancin yaran da nake koya wa wannan aiki a nan Jos, da sun ga haka sai su koma kan shirin su yi ta canza layuka, ko su gangara Taminus su sayo sabon batir. Kafin ka yi ko ɗaya daga ciki, bi wutar daga batir har zuwa moto, kana aunawa a daidai lokacin da motar ke aiki.

Zan ɗauka irin haɗin da aka fi yi ne a gabanka: Arduino Uno, jan allon L298N mai tuƙa moto, moto biyu masu ruwan ɗorawa, wataƙila da sarbo SG90, ɗan moto mai juyawa zuwa kusurwar da aka sa shi, wanda ke juya idon HC-SR04 mai auna nisa. Ko naka ya ɗan bambanta, hanyar binciken ɗaya ce.

Kayan aiki

- Mita mai auna boltej da karant. Ko 'yar arahar nan DT830 ta wadatar. Idan alamar batir ta fito a fuskarta, canza mata batir tukuna, domin a wannan hali takan nuna lamba sama da gaskiya.
- Wayoyi masu bakin kada guda huɗu, don hannuwanka su samu sarari. In babu, ɗaure tsinken mita da salatif ko ka kira ƙaninka ya riƙe maka.
- Razista mai om 4.7, wat 10, farar nan mai kama da guntun alli. In ba ta samu ba, kwan sigina na mota mai bolt 12 zai yi.
- Ƙarfen narka dalma, dalma, da wayar jan ƙarfe mai ɗan kauri, irin ta sifika.
- Kafasita mai 470µF zuwa 1000µF, ta bolt 16 ko sama, da ƙananan na yumɓu masu lamba 104.
- Allon rage boltej LM2596.
- Ɗan maganaɗisu, takarda da biro.

1. Tabbatar da cewa matsalar ta wuta ce

Ɗora motar kan gwangwani yadda tayoyi ba sa taɓa ƙasa, ka kunna ta da batirinta. Idan a sama tana gudu sumul, a ƙasa kuma ta kasa, to shirinka ba shi da laifi. Taya a iska ba ta jan wuta sosai, sai ta ɗauki nauyi.

Sannan ka sa 'yan layuka a cikin setup, sashen shirin da ke gudana sau ɗaya idan allon ya tashi, da za su ƙyafta fitilar fin 13 sau uku a duk lokacin da allon ya tashi. Ajiye motar ta yi tafiya. In ka ga ƙyaftawa ukun nan a tsakiyar tafiya, musamman lokacin tashi, juyawa ko komawa baya, allon yana mutuwa yana farfaɗowa ne saboda boltej ya faɗi. Mai amfani da allon ESP32 a maimakon Arduino aikinsa ya fi sauƙi, don allon da kansa yake rubuta "Brownout detector was triggered" a Serial Monitor, tagar da ke nuna saƙonnin allon a kwamfuta.

2. Auna batir a zaune

Juya mita zuwa 20 na ɓangaren DC. Cire batura daga mazauninsu ka auna su ɗaya bayan ɗaya, kana rubutawa.

Batirin litiyam 18650 idan ya cika yana nuna 4.2, a tsakiyar aiki wajen 3.7, idan ya kusa 3.0 kuwa ya ƙare. Sabon AA na alkalin yakan ɗan haura 1.5. Mai caji na NiMH an rubuta masa 1.2, amma da zarar ya sauka daga caja yakan kai wajen 1.4. Idan batura biyu da ke aiki tare sun bambanta da fiye da 0.1, ware na ƙasan ka sa masa alama. A haɗin jeri, kai da gindi, mai raunin shi ke fara ƙarewa ya ja sauran.

Kada ka tsaya nan ka ce batir lafiyarsa ƙalau. Wannan awon yana gaya maka ko akwai caji ne kawai.

3. Auna batir yana ɗauke da kaya

Nan ne gundarin aikin. Ba a sanin ƙarfin jaki sai an aza masa mangala, kuma haka batir yake. Kowane batir yana da turjiya a cikinsa. Mita ba ta jan wuta, don haka turjiyar ba ta nuna kanta a awon zaune. Da moto ya ja amfiya ɗaya ko biyu, wani kaso na boltej sai ya ƙare a cikin batirin tun bai fito ba. Tsoho ko jabun batir zai iya nuna maka 4.1 a zaune, ya zube ƙasa da 3 da an taɓa shi.

Mayar da batura, ka maƙala wayoyin mita a bakin mazaunin, ja a fulos, baƙi a mainos. Rubuta lamba uku: ta lokacin da moto ke kashe, ta lokacin da tayoyi ke gudu a iska, da ta lokacin da ka riƙe tayoyin biyu da hannu suka tsaya cak. Riƙon kada ya wuce daƙiƙa biyu, in ba haka ba moto da allon L298N za su yi zafi, haƙoran roba na giya ma suna iya karyewa. Dalilin riƙon shi ne, 'yar mitar nan sau biyu ko uku take sabunta lamba a daƙiƙa, alhali faɗuwar da ke kashe Arduino takan zo ta wuce kafin ta gani. Moto a lokacin tashi yana jan kusan abin da yake ja idan an riƙe shi, to riƙon yana tsayar maka da wannan lokacin har ka karanta.

Batura 18650 biyu masu lafiya da suka nuna 8.2 a zaune bai kamata su sauka ƙasa da wajen 7.5 a riƙe ba. In ka ga 6 da wani abu, ko dai baturan ne ko mazauninsu.

Don ka raba gardama, gwada kowane batir shi kaɗai da razistar nan. Misali ya nuna 4.10 a zaune, ka jona razista ya koma 3.95. Karant ɗin da ke gudana shi ne 3.95 a raba da 4.7, wato wajen amfiya 0.84. Faɗuwar kuma 0.15 ce. Raba 0.15 da 0.84, ka samu om 0.18. Batiri mai kyau yakan kasance ƙasa da om 0.1. Wannan na misalin ya fara gajiya, zai yi tocila amma zai wahalar da moto. Razistar tana zafi, kada ka riƙe ta da yatsa. In da kwan sigina kake gwaji, ba sai ka yi lissafi ba. Gwada duk baturan da kwan guda, wanda lambarsa ta fi faɗuwa shi ne mai rauni.

Abu uku na fi tararwa a wannan mataki. Na farko, batirin 9V mai kusurwa huɗu. Ana ganin tara a jikinsa sai a ɗauka ya fi ƙarfi. Na alkalin mai kyau ma bai wuce 500 zuwa 600mAh ba, turjiyarsa kuma babba ce, an yi shi ne don mita da makamantanta. Ba ya tuƙa moto, ko sabo ne fil. Cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Na biyu, 18650 na jabu. Na gaskiya masu yawan caji iyakarsu wajen 3500mAh. Duk wanda ka ga an buga masa 6800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin yana ci mini rai, domin yaro ne ke tara kuɗin tara ya saya. Na gaske yana da nauyin giram 45 ko ɗan sama. In kana da ƙaramin sikeli ɗora shi, in babu, riƙe shi a hannu ɗaya da wanda ka amince da shi a ɗayan, na jabu yakan yi shafal.

Na uku, baturan da aka fasa daga tsohon batirin laftof. Ba na hana su, da yawa suna da sauran rai kuma su ne aljihun ɗalibi ke iya ɗauka. Amma a gwada kowanne, a haɗa masu kama da juna, wanda aka tarar ƙasa da 2.5 kuma a ajiye shi gefe kada a yi masa caji.

Sai batun sanyinmu. A Disamba da Janairu, lokacin da garin Jos kan wayi gari kusa da digiri 10, turjiyar batir tana ƙaruwa, alkalin ya fi jin jiki. Batirin da ke kan gaɓa zai yi aiki da rana ya ƙi da sassafe. In gasa ko nuni gare ka da safe, yi gwajinka da safe, baturan kuma su kwana a ɗaki. Kada ka kai su kusa da kasko ko murhu don su ji ɗumi.

4. San abin da motarka ke ci

Mayar da jar wayar mita ramin 10A, ka juya ta zuwa 10A. Cire wayar fulos da ke fitowa daga batir, ka sa mita a tsakani yadda wuta za ta ratsa ta cikinta. Karanta a iska, karanta a riƙe.

Moto mai ruwan ɗorawa yakan ci miliamfiya 150 zuwa 200 a iska, a riƙe kuma ya haura amfiya 1. Biyu ke nan sun haura amfiya 2, huɗu kuma ka ninka. SG90 yana iya jan fiye da rabin amfiya idan ya cije, babban MG996R yana kai 2.5. Uno kansa wajen miliamfiya 50 ne. Lambar riƙe ita ce batirinka da wayoyinka za su iya ɗauka, ba ta iska ba.

Gargaɗi babba: kana gamawa, mayar da jar wayar raminta na boltej nan take. Idan ka manta ta a 10A ka ɗora kan batirin litiyam, ka haɗa fulos da mainos kai tsaye ke nan. A ƙananan mitoci ramin nan ba shi da fis, waya za ta narke, batir na iya kamawa da wuta.

Daga nan za ka iya ƙiyasta tsawon aiki. Batura 2500mAh biyu a jeri suna nan a 2500, boltej ne ya ninka. In motar tana cin miliamfiya 800 a tafiya, awa uku ke nan a takarda, a ƙasa kuma ka sa ran ƙasa da haka.

5. Bi waya gaɓa-gaɓa

In batura sun ci jarrabawa amma wuta ba ta isa, a hanya take zubewa. Bar mita a 20 na DC, ko 2 in tana da shi. Moto na gudu, ka ɗora tsinke ɗaya a farkon waya, ɗayan a ƙarshen wannan wayar dai. Lambar da ka gani ita ce abin da wayar ta cinye. Yi wa makunni haka, da sifirin na mazaunin batir, da kowane mahaɗi, har da ɓangaren mainos wanda aka cika mantawa da shi. Duk inda ya ci fiye da 0.1 zuwa 0.2, gyara yake so.

Lissafin a fili yake: turjiyar om 0.3 kacal, a amfiya 2, ta tafi da bolt 0.6. Wurare uku irin wannan sun isa su kwantar da motar.

Siraran wayoyin nan masu launi-launi na saƙo ne, ba na wutar moto ba. Wasu ma cikinsu ba jan ƙarfe ba ne. Kai musu maganaɗisu, in tsakiyar wayar ta manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Allon gwaji mai ramuka shi ma kada wutar moto ta bi ta cikinsa. Daga batir zuwa makunni zuwa L298N, sa waya mai kauri, gajera, a like da dalma ko a ɗaure da sukuru tamau. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif yana aiki yau, gobe girgiza ta sassauta shi. Sifirin da ya yi tsatsa a goge shi da sanfefa. Idan batirinka mai shafaffen kai ne kuma ba ya taɓa ƙarfen mazauni sosai, ɗan tanƙwaro ƙarfen, kada ka cusa takardar sigari ko guntun waya.

6. Duba abin da L298N ke ci da kansa

Wannan allo tsohon ƙira ne, yana cinye wajen bolt 2 tsakanin shigarsa da fitarsa, ya fi haka in karant ya ƙaru. Auna a shiga, ka auna a bakin moto yana gudu da cikakken ƙarfi, za ka gani da idonka. Shi ya sa AA huɗu ba sa yi: bolt 6 ne, moto ya samu 4 ko ƙasa. Ƙari a kan haka, ɗan regiletan da ke kan allon, mai daidaita boltej zuwa 5, yana son wajen bolt 7 kafin ya ba da 5 cikakke, don haka Arduinon da ke sha daga nan yana cikin yunwa tun farko.

18650 biyu, wato 7.4 zuwa 8.4, su suka dace da shi, moto ya samu wajen bolt 6. In AA kaɗai gare ka, sa shida. Kada ka yi tsalle zuwa 18650 uku, 12.6 ya fi ƙarfin waɗannan moto, kuma sama da bolt 12 dole a cire 'yar jamfar regileta. In kana da hali, allunan tuƙa moto na TB6612FNG ko DRV8833 sun fi L298N nesa ba kusa ba wajen tattalin wuta, kuma sun ishi ƙananan moto. A shagunan Ahmadu Bello Way ba kullum ake dace da su ba, sau da yawa sai an yi oda, to kafin su iso L298N da batirin da ya dace zai riƙe ka.

7. Raba wutar allo da ta moto

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jona sarbo ko moto a fin 5V na Arduino. Regiletan Uno yana mayar da rarar boltej zafi ne. Daga 8.4 zuwa 5 a rabin amfiya, wat 1.7 ke nan a kan ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba. In ya yi zafi sai ya yanke wuta, ya huce ya dawo, kai kuma ka zargi batir. Taɓa shi da bayan yatsa bayan minti biyu na aiki. Fin na saƙo kuwa miliamfiya 20 aka so ya bayar, don haka kada a jona masa moto.

Ga tsarin da nake yi. Daga makunni waya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya tafi L298N. Ɗayan ya shiga LM2596. Kafin ka jona komai a bakinsa, ɗora mita ka yi ta juya ɗan sukurun har ya nuna 5.0. Yakan ɗauki juyi da yawa kafin lamba ta motsa, yi haƙuri da shi. Daga nan sarbo ya sha kai tsaye, Arduino kuma ya sha ta fin VIN daga batir, ko ta fin 5V daga LM2596. In ta fin 5V ne, cire wayar kafin ka jona USB. Duk GND, wato mainos, su haɗu wuri guda. In ka manta wannan, moto zai yi ta abin da ba ka sa shi ba.

In babu LM2596, ba Arduino fawabank ta USB, moto kuma su sha daga baturansu, GND a haɗe. Sai dai wasu fawabank suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, gwada naka na 'yan mintuna kafin ka dogara da shi.

Sai kafasita. Babbar ta zauna a bakin shigar wuta na L298N, wata kuma kusa da sarbo. Ƙafar da ke gefen zanen ragi ita ce ta mainos, in ka juya ta za ta fashe. Mai lamba 104 a like ta tsakanin ƙafafu biyu na kowane moto don rage hayaniyar tartsatsi. Kafasita tana cike gurbin faɗuwa ta ɗan ƙiftawa ce kawai, ba ta mayar da mataccen batir mai rai.

A cikin shirin ma akwai taimako. Maimakon moto ya tashi daga sifili zuwa 255, wato cikakken gudu, lokaci guda, hau da shi a hankali cikin rabin daƙiƙa. Kafin komawa baya, tsayar da shi na ɗan lokaci, domin juyawa kai tsaye ita ta fi komai jan wuta.

8. Juya taya da hannu

Kashe wuta ka juya kowace taya. Ƙurar hunturu, zare da gashi suna naɗewa a gindin taya, taya mai gogar jiki kuma tana ƙara cin wuta. Share, daidaita, rage nauyin da ba dole ba. Kafet ya fi siminti ko tayil jan wuta.

9. Caji, da sa motar ta riƙa lura da batirinta

Allon TP4056 na batir ɗaya ne, yana kai shi 4.2 ya tsaya. Kada ka jona shi kan batura biyu da ke jeri. Ko dai ka ciro su ka yi musu caji ɗai-ɗai, ko ka sa allon kariya na BMS 2S da caja mai bolt 8.4. Yi caji a kan siminti kana kusa, ba kan katifa ba, kuma kada ka bar shi a soket ka kwanta da nufin wuta za ta dawo cikin dare. Batirin da rigarsa ta yage a sake masa riga kafin ya koma aiki, domin duk gangar jikinsa mainos ce, fulos kuma yana dab da ita a sama. Wanda ya lotsa, ya kumbura ko yake zafi a caji, aikinsa ya ƙare. In za ka ajiye su tsawon hutu, bar su wajen 3.7 zuwa 3.8.

Don kada motar ta zuƙe batir har ya lalace, haɗa razista biyu masu 10k a jeri, daga fulos na bayan makunni zuwa GND, ka kai tsakiyarsu fin A0. Rabin boltej ne zai isa fin ɗin, don haka a cikin shirin 8.4 zai karanta wajen 859, 6.8 kuma wajen 696. Kwatanta da mitarka sau ɗaya ka gyara lambar, tunda awon ya dogara ne da 5 ɗin allon ta zama 5 ta gaske. Sa shirin ya tsayar da moto ya kunna fitila idan karatun ya zauna ƙasa da 696 na daƙiƙa uku a jere. Kada ka sa ya tsaya a karatu ɗaya tak, in ba haka ba faɗuwar lokacin tashi za ta riƙa tsayar da motar alhali da sauran caji.